Yadda ake auna alaƙar girman sassan ƙwaƙwalwa da makin gwajin asibiti a binciken MRI

Duk mai binciken da ya samu hotunan ƙwaƙwalwar tsofaffi da na'urar MRI ta ɗauka tare da makin gwajin tunaninsu, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ya jera girman sashen ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus a gefe ɗaya, maki a ɗaya gefen, ya ja layi ya ga ko suna tafiya tare. Kusan kullum zai ga suna tafiya tare. Sai dai tsufa kaɗai na iya haifar da wannan layin, haka ma girman kai, haka ma bambancin na'urorin da suka ɗauki hoton, ba tare da cuta ta sa hannu ba. Aikin mai ƙididdiga shi ne ya tsame hannun waɗannan kafin ya ce ya gano wani abu. Zan yi amfani da misali ɗaya har ƙarshe: hifokamfus, wato sashen nan da ke cikin ƙwaƙwalwa ta wajen kunne wanda ke taimakawa wajen adana sabon abin da aka koya, da makin gwajin tunawa ga masu cutar mantuwa ta Alzheimer da waɗanda ake zargin ta fara kama su.

Rubuta tambayarka kafin ka buɗe bayanan

Ka zauna ka rubuta a takarda wane sashe za ka auna, wane gwaji, su wa za su shiga, kuma wane ne ke hasashen wane. In tambayarka ita ce ko ƙanƙancewar hifokamfus na nuna raunin tunawa, to maki ne sakamako, girman sashe kuma mai hasashe. Ka ajiye takardar da kwanan wata. Wanda ya fara duba bayanai sannan ya zaɓi tambaya, zai zaɓi wadda ta riga ta ba shi amsa mai daɗi, ko da bai yi niyya ba.

In ba ka da hotunan kanka, shirin ADNI na binciken Alzheimer ta hotunan ƙwaƙwalwa, da aka fara a Amurka a 2004 ƙarƙashin jagorancin Michael Weiner yana ba masu bincike bayanansa bayan sun cika takardar nema. Akwai kuma rumbun hotuna na OASIS na Jami'ar Washington da ke St. Louis.

Zaɓi gwajin da ya dace

MMSE, gajeren gwajin tunani da Folstein da abokan aikinsa suka fitar a 1975, yana da maki 30, kuma lafiyayyun tsofaffi masu karatu kan taru ne a tsakanin 28 da 30. Gwajin da kowa ke cinyewa ba zai bambance maka mutane ba. Don auna tunawa, RAVLT ya fi, wanda ake karanta wa mutum kalmomi 15 sau biyar, daga baya a ce ya maimaito su.

Shekarun karatu dole su shiga lissafi. MMSE na neman mutum ya karanta jumla, ya rubuta jumla, ya riƙa cire 7 daga 100. Gwajin MoCA ma ƙarin maki ɗaya yake yi wa wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba. In kana aiki da tsofaffinmu, ka kula: malamin da ya haddace Alƙur'ani yana rubuta ajami za a rubuta masa sifili a gurbin shekarun makaranta, alhali ya shafe rayuwarsa da allo da tawada. Mahalarta ADNI kuwa galibinsu Turawan Amurka ne masu karatu mai zurfi, don haka kada ka ɗauko alƙaluman can ka ɗora wa mutanen Kano ko Damagaram kai tsaye.

Fitar da awo, sannan ka duba da idonka

Ana amfani da hoton T1, wato nau'in hoton MRI da ke nuna fasalin ƙwaƙwalwa, wanda ƙananan ɗigoginsa kan kai milimita 1 ta kowace fuska. Manhajar da aka fi sani ita ce FreeSurfer ta cibiyar Martinos da ke Boston. Umarnin recon-all zai ɗauki sa'o'i a kan kowane mutum, sannan ya ajiye maka fayil mai suna aseg.stats, inda za ka ga girman hifokamfus na dama da na hagu, kowanne wajen santimita-kubik 3 zuwa 4, da kuma eTIV, wato kiyasin faɗin cikin ƙoƙon kai. FSL ta Oxford da SPM ta Landan su ma suna wannan aikin. Wadda ka fara da ita, da ita za ka gama, kuma da siga ɗaya, domin sauya sigar FreeSurfer a tsakiyar aiki na sauya awo.

Daga nan ka buɗe hoton kowane mutum. Ka matsa yanka bayan yanka ta fuskar goshi, ka ga ko launin da manhaja ta shafa ya tsaya a iyakar hifokamfus ko ya malala cikin ramin ruwan da ke gefensa. A ƙwaƙwalwar da ta ƙanƙance sosai ne manhaja ta fi yin tuntuɓe, kuma masu ita su ne ainihin mutanen da ka damu da su. Ka nemi zobba-zobba masu kama da inuwa a gefen hoton: alamar mutum ya motsa ke nan. Motsi na rage awon ɓawon ƙwaƙwalwa, marasa lafiya kuma sun fi motsi a cikin na'ura. Ka yanke ƙa'idar cire hoto ba tare da ka ga makin mai hoton ba.

Girman kai

Nan ne mutane da yawa ke zamewa. Mai babban kai yana da babban hifokamfus, kuma a matsakaici faɗin cikin ƙoƙon kan maza ya fi na mata da kusan kashi 10 cikin 100. Hanya mafi sauƙi da ake bi ita ce a raba girman sashe da eTIV. Ban cika son ta ba. Rabawa na ɗaukar cewa in kai ya ƙaru da kashi 10, hifokamfus ma zai ƙaru da kashi 10, alhali ƙaruwarsa ba ta kai haka ba. Sakamakon shi ne masu ƙananan kai su fito kamar suna da manyan sassa, sai a ga bambancin maza da mata wanda lissafin ne ya ƙirƙiro shi. Abin da ya fi shi ne ka saka eTIV a cikin lissafin a matsayin abokin tafiya, wato ɗaya daga cikin abubuwan da lissafin zai tsame hannunsu, bayanan su faɗa maka da kansu yawan tasirinsa. Ƙoƙon kai ba ya motsewa da tsufa kamar yadda ƙwaƙwalwa ke yi, shi ya sa eTIV ke tsaya maka a madadin girman ƙwaƙwalwar mutum lokacin da take cike.

Gina lissafin

A manhajar lissafi ta R, layi ɗaya ne:

lm(maki ~ hifo + shekaru + I(shekaru^2) + jinsi + karatu + eTIV + naura)

Na ninka shekaru da kansu ne domin ƙanƙancewar hifokamfus na ƙara sauri bayan shekara 60, ba a miƙe take tafiya ba. Ka cire matsakaicin shekaru daga na kowa kafin ka ninka, don kada biyun su riƙa cin karo.

Na'ura kuwa kamar mudun kasuwa biyu ne, sunansu ɗaya amma awonsu bai cika zuwa daidai ba. Mai ƙarfin maganaɗisu tesla 1.5 da mai 3 ba za su ba ka lamba ɗaya ba, haka na'urorin kamfanonin Siemens da GE. In an ɗauki hotunan a cibiyoyi da yawa, akwai hanyar ComBat da aka ƙirƙira a 2007 don binciken ƙwayoyin gado, daga baya aka kawo ta fannin hotunan ƙwaƙwalwa. Amma in duk marasa lafiyarka a na'ura ɗaya aka ɗauke su, lafiyayyu kuma a wata, babu lissafin da zai raba maka cuta da na'ura.

Bayan ka gudanar, ka zana ragowar kuskuren, wato tazarar da ke tsakanin ainihin maki da hasashen lissafin, ka ga ko ta bazu daidai, ka nemi mutum ɗaya ko biyu da ke jan layin su kaɗai. Sannan ka zana ɗigogin da launi daban ga kowane rukuni. Sau da yawa za ka ga dunƙule biyu, masu cuta a ƙasa, lafiyayyu a sama, layin yana haɗa su ne kawai, a cikin kowane dunƙule kuwa alaƙar ba ta taka kara ta karya ba. Wannan ma sakamako ne, amma ma'anarsa daban, kuma dole mai karatu ya sani.

In sassan sun yi yawa

Taswirar Desikan-Killiany ta raba ɓawon ƙwaƙwalwa gida 68. In ka gwada su duka da ma'aunin lambar p na 0.05, wato ka yarda sa'a kaɗai ta yaudare ka sau 5 cikin 100, ka sa ran uku ko huɗu za su nuna alaƙa ko da babu komai. Gyaran Bonferroni zai mai da ma'aunin wajen 0.0007, hanyar Benjamini da Hochberg ta 1995 kuma ta fi sassauci. Ka zaɓi ɗaya tun a takardar farko.

Yawan mutane ma abin dubawa ne. Binciken Marek da abokan aikinsa a mujallar Nature a 2022, wanda ya haɗa bayanan kusan mutum 50,000, ya nuna cewa alaƙar ƙwaƙwalwa da ɗabi'a a cikin jama'a ƙarama ce ƙwarai, sai da dubban mutane take tsayawa in an maimaita. Tasirin Alzheimer a kan hifokamfus ya fi wannan girma, don haka ba sai ka tara dubbai ba, amma mutum 25 da sassa 68 ba za su ba ka abin dogaro ba.

In an bi mutane shekara da shekaru

Awon mutum ɗaya sau uku ba mutum uku ba ne. Ka koma fakitin lme4 na R, ka ba kowane mutum mafarinsa da saurin raguwarsa:

lmer(maki ~ lokaci * hifo + shekaru + jinsi + karatu + eTIV + (1 + lokaci | mutum))

Gurbin da ya haɗa lokaci da hifo shi ne zai gaya maka ko masu ƙaramin hifokamfus tun farko sun fi saurin rasa maki. Ka ƙirga waɗanda suka daina zuwa, ka kwatanta su da waɗanda suka tsaya, domin wanda cuta ta ci ƙarfinsa ne ya fi daina zuwa, sai raguwar ta fito ƙasa da yadda take.

A rahotonka ka faɗi maki nawa ke sauyawa ga kowane santimita-kubik ɗaya, da tazarar amincewa ta kashi 95 cikin 100, wato iyakokin da ake sa ran ainihin lambar tana ciki, ba lambar p kaɗai ba. Ka ambaci sigar manhaja, hotuna nawa ka cire da dalili, da duk sassan da ka gwada har waɗanda ba su nuna komai ba. In hoto sau ɗaya aka ɗauka, kalmar da za ka rubuta ita ce alaƙa, kada ka rubuta cewa wannan ne ya haddasa wancan.