Yadda Ake Toshe Hanyoyin Cutar Bakteriya a Gonar Kifin Trout

Ba kasafai cutar bakteriya take shigowa gonar trout, wato wani nau'in kifin ruwan sanyi, a jikin kifi mai alamar ciwo ba. Yawanci kifin da ake yi wa kallon lafiyayye ne yake ɗauke da ƙwayar a hanjinsa ko ƙodarsa, yana zubar da ita cikin ruwa ta kashinsa, har ranar da cunkoso ko ɗumamar ruwa ko ƙarancin iskar oksijin za su raunana garkuwar jikin sauran. A lokacin ne ƙwayar take kutsawa ta gaɓoɓin numfashi da ke gefen kai, ko ta rauni a fata, ko ta baki. Haka Yersinia ruckeri take yaɗuwa, wadda ke haddasa ciwon jan baki da aka fara ganowa a jihar Idaho ta Amurka a shekarun 1950, haka ma Aeromonas salmonicida mai fitar da maruru a jikin kifi.

Saboda haka, duk sabon kifin da aka sayo a killace shi a tafki na daban na wasu makonni, kuma kada ruwansa ya gangara zuwa inda sauran suke. Kowane tafki ya kasance da ragarsa da bokitinsa. A kwashe matattun kifaye kullum, domin gawa tana sakin ƙwayoyi masu yawa, kuma sauran kifayen sukan yi ta tsattsagarta.

Ƙwai yana buƙatar kulawa ta musamman, kuma a ganina nan ne aka fi yin sakaci. Jiƙa shi na minti 10 a ruwan maganin aidin da aka tanada domin wannan aiki yana kashe abin da ke bayan ɓawo, amma Renibacterium salmoninarum, mai kawo ciwon ƙoda, tana ɓuya ne a cikin ƙwan kansa inda maganin ba ya kaiwa, don haka babu mafita sai a sayo ƙwai daga iyayen da aka gwada aka tabbatar da lafiyarsu.

Kada a ɗauka sanyin ruwa kariya ce, tunda ƙwayar bakteriya mai suna Flavobacterium psychrophilum ta fi kashe 'ya'yan kifi idan ɗumin ruwa bai kai digiri 15 a ma'aunin Celsius ba. A yi wa ƙanana rigakafin jan baki ta hanyar tsoma su cikin ruwan maganin, kuma idan mace-mace ta ƙaru, a kai samfuri ga likitan dabbobi kafin a zuba kowane magani a abinci.