Yadda Ɗalibin Mastar Zai Shirya Ziyarar Bincike a Masallacin Yama

Ɗalibin da ya kammala lisans (digiri na farko) kuma yake son rubuta kundin mastar a kan alaƙar addini da fasahar gini zai iya farawa da masallacin Juma'a na Yama a jihar Tawa ta Nijar, wanda Falke Barmu ya soma ginawa da ƙasa a 1962, masallacin kuma ya samu kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986.

Da farko, a karɓi takardar izinin bincike daga jami'a. Idan an isa garin, a kai gaisuwa wurin mai gari da liman kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, domin ɗakin Allah ne, kuma a ganina wannan mataki ya fi sauran nauyi.

Daga nan a zauna da magina, a tambaye su yadda suke ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufin ɗaki, da dalilin da ya sa hasumiyoyi huɗu na masallacin ba su yi kama da juna ba, a rubuta amsoshinsu da kalmominsu. Sai a tambayi malamai hukuncin ƙawata masallaci a mazhabar Malikiyya.

Bayan an koma Yamai, a duba rubutattun littattafan Larabci da Ajami na IRSH, cibiyar binciken ilimin zamantakewar ɗan Adam ta jami'ar Yamai.