Darasi na Tara: Allon Shago, Inda Ake Kafa Shi da Inda Ba a Kafawa

Karanta wannan labari a hankali. In ka gama, sake karantawa da ƙarfi don na kusa da kai ya ji.

Wani tela ya kama hayar shago a Kano. Shagon yana cikin lungu, taku kamar talatin daga bakin kwalta, mai wucewa a kan titi ba ya hango shi. Sai ya je wurin mai walda aka haɗa masa allo mai ƙafafu biyu. Mai fenti ya rubuta sunan shago da lambar waya, har da zanen keken ɗinki. Da yamma yaran shago suka haƙa rami biyu a bakin kwata, suka dasa allon, suka zuba kankare. Sati uku ciniki ya buɗe. Ran nan da safe ya tarar an shafa wa allon jan fenti.

Ya ɗauki rasit ɗinsa ya nufi ofishin hukuma.

"Ranka ya daɗe, ai na biya. Ga takardata."

Ma'aikacin ya karɓa ya duba. "Malam, wannan kuɗin shago ka biya. Na allo daban yake. Kuma ko da na allon ka biya, wurin da ka dasa shi ba naka ba ne."

"To ai bakin lungunmu ne. Alhaji mai gidan da ke bakin lungun da kansa ya ce ba komai."

"Alhaji bangonsa ne nasa. Kwata da gefen titi ba nasa ba ne, balle ya ba ka."

Tela ya yi shiru. Ga kuɗin walda, ga na fenti, ga buhun siminti.

Wa ke da iko da allo?

Mutane da yawa sun ɗauka tunda shago nasu ne, allo ma ba ruwan kowa da shi. Ba haka doka ta ce ba. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai kula da shaguna da 'yan tireda, da kula da tallan da ake kafawa a waje, da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Dokar haraji ta 1998 ita ma ta ambaci kuɗin shago daban, kuɗin izinin allo daban. Rashin sanin wannan ne ya ci tela.

Wannan ɓangaren kuɗi ke nan. Akwai kuma ɓangaren wuri, wanda yake hannun hukumar tsara birni ta jiha. A Kano ita ce KNUPDA, a Kaduna KASUPDA. Dokar tsara birane ta 1992 ta ɗauki dasa allon talla mai tsayuwa da ƙafarsa a matsayin aikin gini. Wato ramin nan biyu da yaran tela suka haƙa, a idon doka, ginin da ke bukatar izini ne. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara birni aikin jihohi ne, shi ya sa ƙa'idar Kano ba lalle ta zama ta Katsina ko ta Bauchi ba. Legas ma hukuma guda ta kafa don alluna kawai, LASAA, da dokar 2006. Don haka in ɗan'uwanka na wata jiha ya ce "mu a nan ba a biya", ka ce masa Allah ya ba da sa'a, ka tafi ka tambayi ofishin garinku.

Allon bango da allon ƙasa

Wannan shi ne zuciyar darasin, a tsaya a fahimce shi.

Allon da ka manna a bangon shagonka, a saman ƙofa, bai taɓa wurin kowa ba. Shi ne mafi sauƙin sha'ani. Da zarar allo ya rabu da bango, tambayoyi sun fara. In ya leƙo kan hanya, mai tafiya zai bi ta ƙarƙashinsa ba tare da ya sunkuya ba? Mai tallan da ke ɗauke da tire a ka fa? In ya sauka ƙasa, ƙasar wa ya taka? Tsakanin bangon shago da bakin kwalta akwai tazarar da ake bari don masu tafiya a ƙasa, da kwata, da bututun ruwa, da falwaya, da ranar da za a faɗaɗa titi. Ganin wurin babu kowa ba ya nufin ba shi da mai shi.

Wasu wurare kam ko tambaya ba sai ka yi ba. Kan kwata, domin yashe ta zai gagara, damina ta zo ruwa ya shiga shagonka kafin na maƙwabci. Kwanar titi, inda allo zai tare wa direba ko mai adaidaita ganin abin da ke tahowa. Jikin falwaya da kewayen taransifoma. Ƙa'idar wutar lantarki ta ƙasa ta ce a bar mita 5.5 ta kowane gefe na layin wuta mai kilobolt (ma'aunin ƙarfin wuta) 11 ko 33, babban layi mai kilobolt 330 kuwa mita 25 ta kowane gefe. Allon ƙarfe da wayar wuta ba sa ga maciji, musamman a farkon damina da iska ke ɗaga kwano. Haka nan ganuwa da ƙofofin gari, irin su Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa, kayan tarihi ne, ba bangon manna talla ba.

Unguwa ma tana canza hukunci. Birni a rabe yake a kan taswirar hukuma: wajen zama, wajen kasuwanci, wajen masana'antu kamar Sharaɗa da Bompai. Katon allo mai fitila da ba wanda zai ɗaga kai ya kalla a Sabon Gari, in ka kai shi layin da gidaje ne zalla, maƙwabta za su riga hukuma magana. Wanda ya fasa bangon gida ya fitar da shago ya san cewa ya canza amfanin wurin, kuma wannan izini ne mai zaman kansa. A cikin kasuwa kuwa, kamar Kantin Kwari, fara da shugabannin kasuwa da na layinku.

Abin da aka rubuta a allon shi ma yana da masu lura da shi. Mai kemis da ba shi da lasisin famasi ba zai rubuta famasi ba. Mai maganin gargajiya ba ya tallata magani sai da amincewar NAFDAC.

Neman sassauci

To, tela fa? Shagonsa a lungu, in babu alama a bakin titi yunwa za ta kashe shi. Irin wannan hali ne ake neman sassauci a kansa. Haka mai son rataya ƙyallen talla na 'yan kwanaki lokacin buɗe shago ko ɗinkin Sallah, da wanda ya tarar da tsohon allo tun kafin a zo da sabuwar ƙa'ida. Ana iya ba ka, ana iya hana ka, ana kuma iya cewa ka rage girmansa ko ka matsar da shi.

Abu ɗaya nake so kowa a ajin nan ya riƙe. "Ba komai, bar shi kawai" ba izini ba ne, ko wa ya faɗa. Wanda ya faɗa gobe za a canza masa wurin aiki, wanda zai zo bai ji ba, bai gani ba. Haka "a ba yara na goro" ba ya hana jan fenti, sai dai ya jinkirta shi. Ni a ganina gara a hana ka a rubuce da a yarje maka da baki, domin mai takardar hani ya san inda ya tsaya tun bai kashe kuɗin walda ba.

Tela ya bi shawara. Ya cire allon ƙarfen, ya sa aka yi masa ƙarami mai kibiya. Ya koma wurin Alhaji, wannan karon da takarda, Alhaji ya sa hannu cewa ya yarda a manna shi a bangonsa. Sannan ya rubuta wannan wasiƙa:

*Ranka ya daɗe,*
*Ni tela ne, shagona yana cikin lungu, ba a ganinsa daga titi. Ina neman izinin manna ƙaramin allo mai kibiya a bangon gidan da ke bakin lungun. Tsawonsa ƙafa 2, faɗinsa ƙafa 1. Ba zai leƙo kan hanya ba. Ga takardar yardar mai gida, ga hoton wurin. Na gode.*

Ka lura, ya faɗi dalili, ya faɗi wuri, ya faɗi girma. Ya yi kwafi biyu, aka buga wa ɗaya hatimi ya dawo da shi gida.

In an ce ka biya, duba rasit kafin ka bar wurin. Nemi sunan hukuma a sama, da sunanka ko na shago, da abin da aka biya wa kuɗin, da adadi, da kwanan wata. In ba ka ga kalmar allo ba, tambaya. Ɗauki hotonsa da waya, domin takarda a shago ba ta tsira daga ɓera da ruwa.

Aikin aji

A wurare da yawa girman allo yana cikin abin da ake dubawa wajen yanka kuɗi, don haka mu koyi awo. Ana ninka tsawo da faɗi. Allo mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 2, girmansa ƙafa 12 ne murabba'i. To mai ƙafa 8 da ƙafa 3 fa? Na telan nan fa?

Gobe kowa ya zo da awon allon shagonsa ko na maƙwabcinsa, ya kuma faɗa mana a bango yake ko a ƙasa. Wanda ke da tsohon rasit ya zo da shi mu karanta tare. Sannan kowa ya kwafi wasiƙar tela a littafinsa, ya cire tela ya sa tasa sana'ar.