Kurakuran da Sabon Saje Ke Yi Kan Rahoton Aikinsa a Sojan Amurka

A rundunar sojan ƙasa ta Amurka, daga ranar da aka ɗaura wa soja igiya uku ya zama saje, an fara ƙirga masa kwanakin rahoton tantance aikinsa da ake kira NCOER. Kafin wannan rana, ko da yana kofur, nasiha kawai ake yi masa a rubuce, ba a tura rahotonsa hedikwata. Sababbin saje da yawa ba sa gane cewa lamarin ya canza, sai shekara ta zagayo a miƙo musu takarda a ce su sa hannu.

Kuskuren farko na lissafin lokaci ne. Wasu suna ɗauka watan Janairu ake fara ƙirge, wasu kuma ranar da suka iso bataliya. Dokar da ke kula da wannan, AR 623-3, daga ranar da ƙarin girman ya fara aiki take lissafi. Wanda ya zama saje ranar 1 ga Maris 2024, rahotonsa na shekara zai rufe ƙarshen Fabrairu 2025, in dai babu abin da ya gitta. Abin da ya fi yawan gittawa shi ne canjin oga. In ogan da ke dubanka kai tsaye ya yi kwana 90 yana ganin aikinka sannan aka yi masa canjin wuri, ko kai aka ɗauke ka, dole a rubuta rahoto a lokacin, ba a jiran shekara. In bai cika kwana 90 ba, ba shi da hurumin rubuta komai, sai a sa waɗannan kwanaki a rahoto na gaba a matsayin lokacin da ba a tantance ba. Haka nan in shekara ta cika sabon oga bai kai kwana 90 ba, sai a tsawaita wa'adin. Sojojin ko-ta-kwana da ba kullum suke bakin aiki ba, nasu kwana 120 ne. Gyaran ba wuya: ranar da aka yi maka ƙarin girma, ka rubuta kwanan watan, kuma duk ranar da aka canza maka oga ka ƙara rubutawa.

Kuskure na biyu ya fi ci mini rai, domin shi ne uwar sauran. Doka ta ce cikin kwana 30 na farko oga ya zaunar da kai, ku cike fom ɗin nasiha, DA 2166-9-1A, ya faɗa maka aikin da ke kanka da abin da zai auna ka da shi. Bayan nan kuma a sake zama duk wata uku. Sabon saje yakan ji nauyin tunatar da oga, ya ce kada a ɗauke shi mai rawar kai. Sai wata 11 ya wuce ba a zauna ko sau ɗaya ba, ranar ƙarshe a cike guraben kwanan wata da ranakun da ba a yi komai a cikinsu ba. Wanda ya cutu a nan shi ne sajen. An auna shi da ma'aunin da bai taɓa gani ba, kuma in yana da rauni, ba a ba shi damar gyarawa tun da sauran lokaci ba. Neman wannan zama haƙƙinka ne. Ka je cikin ladabi ka ce: “Ranka ya daɗe, kwana 30 ɗina sun kusa cika, yaushe za ka samu sarari mu zauna?” Ogan kirki zai ji daɗi. Wanda ya yi ta kai ka ya kawo, ka sanar da na gaba da shi.

Wannan ya kawo mu ga rashin sanin su wa ke riƙe da alƙalami. Mutum biyu ne. Na farko shi ne ogan kusa, wanda a fom ɗin saje, DA 2166-9-1 da aka fara amfani da shi a Janairu 2016, zai duba fanni shida: hali, kamala da lafiyar jiki, basira, jagoranci, renon na ƙasa, da cim ma aiki. A kowane fanni zaɓi biyu kawai gare shi, ka cika mizani ko ba ka cika ba. Na biyu shi ne babban mai dubawa, wanda yake buƙatar kwana 60 kafin ya yi magana a kanka, kuma shi abin da yake hangowa gaba ne: ka isa a ƙara maka girma, a tura ka makaranta, a ba ka babban aiki? Abin mamaki, akwai sajen da bai san sunan wannan mutum ba har ranar sa hannu. Ka tambayi jerin masu dubanka tun makon farko.

Sai maganar abin da za a rubuta. Oga yana da sojoji da yawa, ba zai tuna abin da ka yi a watan Afrilu ba in ana Fabrairu. In ka bar shi da ƙwaƙwalwarsa, abin da za ka samu shi ne “yana da ƙwazo, ana iya dogara da shi”, kalaman da za su dace da kowa. Kwatanta shi da layin da ya ce, misali, ka horar da soja 9 a filin harbi duka suka ci gwaji, ko ka riƙe kayan aiki na kuɗi kaza shekara guda ko allura ba ta ɓata ba. Kowane batu layi biyu ne iyakarsa, don haka lamba da sakamako ake so. Ka ajiye ɗan littafi a aljihun kaki, duk Juma'a ka rubuta abin da kai da yaranka kuka yi, ka kwashe shi zuwa fom ɗin nasiha kafin kowane zama. Wannan ba yabon kai ba ne, sauƙaƙa wa oga faɗin gaskiya ne.

Wajen sa hannu ma ana tafka kuskure ta fuska biyu. Wani ya sa hannu bai karanta ba, wani kuma ya ƙi sa wa don fushi. Saje shi ne na ƙarshe a sa hannu, kuma hannunsa ba ya nufin ya yarda da hukuncin. Yana tabbatar da cewa suna, kwanan wata, bayanin aiki, sakamakon gwajin ƙarfin jiki da awon tsawo da nauyi daidai suke, kuma ya ga rahoton. Ƙin sa hannu ba ya tsayar da takarda, za ta tafi da bayanin cewa ka ƙi. In ka ga an zalunce ka, akwai hanyar neman kwamanda ya bincika, akwai kuma ɗaukaka ƙara, wanda ake da shekara uku a yi shi daga ranar rufe rahoton.

Wasu kuma suna cewa ai na farko ne, ba ya da tasiri, tunda daga saje zuwa sitaf saje da maki ake hawa. Sun manta takardar ba ta barin fayil. Ana tura ta ta EES, manhajar shigar da rahotannin tantance aiki, zuwa hedikwatar kula da ma'aikatan soja da ke Fort Knox, jihar Kentucky, cikin kwana 90 bayan rufe wa'adi, kuma kwamitocin da za su zauna kan manyan muƙamai nan gaba suna iya ganinta. Bayan an tura, ka buɗe fayil ɗinka ka tabbatar ta shiga, ka kuma duba cewa rahoto na biyu ya fara washegarin ranar da na farko ya rufe, ba tare da giɓi a tsakani ba.