Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran rawanin bututun hayaƙi

A ƙasashen sanyi irin su Amurka, Kanada da Ingila, gidaje da yawa suna da bututun hayaƙi na jan bulo wanda ya huda rufi ya miƙe sama, kuma a ƙololuwarsa akwai faifan kankare da ya lulluɓe kan bulon, ya bar bakin bututun kaɗai a buɗe. Wannan faifan nake kira rawani, domin aikinsa ɗaya ne da na rawanin katangar soro a ginin ƙasa, wato shi ke tarbar ruwan sama kafin jikin gini ya sha. Da yake ba a hango shi daga ƙasa, sai ya yi shekaru a tsage ba a sani ba. Ruwa ya shiga tsagar, sanyin dare ya mayar da shi ƙanƙara, girmansa ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, ya buɗa tsagar kaɗan, da rana ya narke ya ƙara nutsawa ciki. Haka ake yi hunturu bayan hunturu, har fuskar bulo ta fara ɓarewa, farin gishiri ya feso a jikinsa, tabon ruwa ya bayyana a silin.

Kuskuren farko shi ne ɗora wa rawani laifi tun ba a bincika ba. Yoyo yana iya fitowa daga dalma ko kwanon da aka naɗe gindin bututun da shi a inda ya haɗu da rufi, ko daga kwaɓin tsakanin bulo da ya zube, ko kuma daga bakin bututun da ba shi da hular ruwa. A ranar da gari ya bushe, mutum ɗaya ya hau da tiyo, wani ya tsaya a ɗakin da ke ƙarƙashin rufi da tocila. A fara jiƙa gindin bututun na ƴan mintuna, a dakata a duba, sannan a matsa zuwa jikin bulo, rawani ya zama na ƙarshe. Wanda ya fara daga sama ya jiƙa komai lokaci guda, ba zai taɓa gane ta ina ruwan ya bi ba.

Kuskuren da ya fi damuna, domin har magina na yin sa, shi ne ɗaukar rawani a matsayin yaɓe. Birkila ya gama jera bulo, ya kwashi ragowar kwaɓin da ke cikin kwanonsa ya shafe kan bututun, ya sirantar da gefen har ya zo daidai da fuskar bulo. Wannan kwaɓi na siminti da yashi an yi shi ne don ya zauna a tsakanin bulo, ba don ya kwanta a fili yana shan rana da ruwa da ƙanƙara ba, kuma siririn gefen nan shi ke fara ɓalgacewa. Rawanin kirki ƙaramin rufi ne mai zaman kansa. Ana kafa masa akwatin katako, a zuba kankare mai tsakuwa da ragar waya a tsakiya, kaurinsa kada ya gaza inci 2 ko a wurin da ya fi siranta, a ba shi gangare daga bakin bututu zuwa waje. Sannan ya zarce fuskar bulo da aƙalla inci 2, wato santimita 5, ta kowane gefe, a yi masa ɗan kwari a ƙarƙashin leɓen. Kwarin nan ƙarami ne, amma idan an tsaya ana kallo lokacin ruwa za a ga ɗigon ya lallaɓo ta ƙarƙashin leɓe yana neman bango, da ya iso kwarin sai ya yanke ya faɗi ƙasa. Hikimar indararo ke nan, a jefa ruwa nesa da jikin gini.

Na uku shi ne manna kankare da bututun yumɓun da ke cikin bulon, wanda hayaƙi ke bi ta cikinsa. Idan an hura wuta, yumɓun yana zafi ya kumbura ya kuma ɗan miƙe sama, alhali kankaren da ke kewaye da shi yana cikin sanyi. Idan an haɗe su gam, dole ɗaya ya fashe, shi ya sa ake ganin tsagogi sun taso daga kusurwoyin bututun sun nufi gefe. Gyaran shi ne a naɗe yumɓun da wani abu mai laushi wanda ba ya cin wuta kafin a zuba kankare, bayan ya bushe a toshe saman ratar da gam mai taushi wanda ke jure zafi. Kundin ƙa'idojin gina gidaje na IRC, wanda yawancin jihohin Amurka ke aiki da shi, ya tanadi wannan rata tare da gangaren da leɓen ɗigar ruwa, don haka mai gida yana da hujjar neman su daga duk wanda ya ba aikin.

Kwalta kuwa ba magani ba ce. Rana tana busar da ita ta tsattsage, ruwa ya shige ƙarƙashinta ya rasa mafita, ga shi ta ɓata wurin yadda wani abin kirki ba zai kama ba daga baya. Haka fentin mai a jikin bulo, yana kulle laima a ciki. In za a shafa wa bulo maganin ruwa, a nemi irin wanda ke barin tururi ya fita.

Akwai kuma masu shafa ruwan robar da aka yi musamman don rawani a kan rawanin da ya riga ya mutu. Wannan roba tana da amfani sosai a kan ƙananan tsagogi masu kaurin gashi, muddin an kankare gansakuka da ƙura da burushin waya, an cike manyan tsagogi tukuna, wurin kuma ya bushe ƙayau. Amma a ƙwanƙwasa rawanin da ƙotar guduma. Idan ya yi amo kamar ganga, ko yana marmashewa a hannu, ko wani ɓangare yana motsi, to lulluɓe shi ɓoye ciwo ne, sai dai a fasa a sake zubawa. A Ingila, inda ake dasa tukwanen hayaƙi na yumɓu a cikin tudun kwaɓi, tsofaffin gidajen zamanin Sarauniya Biktoriya galibi da kwaɓin farar ƙasa aka jera bulonsu, kuma siminti mai tauri yana cutar da bulonsu mai laushi, saboda haka da kwaɓin farar ƙasa ya kamata a gyara su.

Gaggawa ma tana ɓata aiki. Ba a zuba kankare idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5 na Salshiyas, kuma bayan an zuba sai a lulluɓe shi da leda ya yi kwanaki yana riƙe da danshi, domin wanda rana da iska suka busar da wuri tun a makon farko yake tsagewa.

Na bar maganar rai zuwa ƙarshe don kada a manta da ita. Ba a fasa kankare a kan tsani, sai an kafa dandamalin ƙarfe mai shinge. Kafin a fara fasawa, a kashe murhu da duk na'urar ɗumama gida ko ruwa da ke fitar da hayaƙinta ta wannan bututu, sannan a toshe bakin da buhu don kada ɓaraguzai su faɗa ciki. A ɗaura wa buhun doguwar igiya mai launi, a bar ta tana lilo a waje inda ido zai gan ta, domin bututun da aka manta a toshe yana mayar da iskar kabon monoksaid cikin gida, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kuma kashe mutane a cikin barci. Sai an ciro buhun, an haska tocila an ga hanya a buɗe har ƙasa, sannan a ɗaura hular ruwa a kunna wuta.