Darasi na Bakwai: Awon Ciki Tun da Wuri

Karatu

A birnin Maraɗi, daga unguwar Bagalam har unguwar Zariya, mata da yawa suna zuwa awo. Abin da ya rage shi ne lokacin da suke fara zuwa. Sai ciki ya kai wata biyar ko shida, ya fito fili har zane ya kasa ɓoye shi, sannan a ɗauki mayafi a nufi gidan likita. Kafin nan amfani mai yawa ya riga ya wuce.

A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin ta sauka. A da sau 4 ake cewa. Zuwan farko kuwa ana so ya kasance kafin ciki ya wuce mako 12, wato tun bai cika wata uku ba. Ba sai kin iya karanta kalanda ba za ki gane lokacin, ki bi watanninmu kawai. Idan kin ga al'adarki ta ƙarshe a farkon watan Azumi, to kafin watan Layya ya kama ya kamata a ce an buɗe miki karne, wato katin awo.

Me ya sa ake gaggawa alhali mace tana jin ƙalau? Domin cututtukan da suka fi kayar da mai ciki ba sa yin sallama. Hawan jini yakan zauna a jiki makonni mace ba ta sani ba, sai ranar da jijjiga ta kama ta. A wurin awo, cikin ɗan lokaci ake ɗaura abin gwaji a hannu a gano shi. Ƙarancin jini ma haka yake. Mace tana ɗaukar kasala da haki a matsayin laulayi, nan kuwa jini ne babu, kuma wadda ta shiga naƙuda da jini kaɗan ba ta jure zubar da wata za ta jure. Shi ya sa ake ba da jar ƙwayar ƙarin jini a sha kullum. Tana sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba komai ba ne, kada a daina sha saboda shi. A sha ta da ruwa, a raba ta da lokacin shan shayi, don shayi yana hana jiki ɗaukar amfaninta. A haɗa da zogale da wake da hanta in an samu.

Sai masassarar cizon sauro, wadda kowa ya san yadda take mana daga tsakiyar damina zuwa kaka. Tana zubar da ciki, tana sa a haifi jariri ƙarami. Da ciki ya shiga wata na huɗu ake fara ba da ƙwaya uku na rigakafi, a haɗiye su nan take gaban ma'aikaciya, a sake bayan wata guda, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Wadda ta fara awo a wata na bakwai da ƙyar za ta cika ukun. Ana kuma yin allurar rigakafin sandarewar jarirai, a gwada jini da fitsari, a nuna wa mace muhimmancin kwana cikin sange.

Tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta sa awon ciki cikin ayyukan da ake yi kyauta a asibitocinta. Gaskiya ne wani lokaci magani kan yanke a rubuta maka ka sayo, kuma akwai gwajin da akan biya. Amma duk wanda ya ce tsada ce ta hana shi kai matarsa, ya fara zuwa ya tambaya tukuna.

Hira a tsakar gida

Wani magidanci ya dawo daga kasuwa ya tarar da mahaifiyarsa tana ɓarar gyaɗa.

"Sannu da gida, Inna."

"Yauwa, sannu da dawowa. Zauna, magana gare ni. Ka lura da yarinyar nan kuwa? Kwana biyu ko ƙamshin miya ba ta so."

Ya sunkuyar da kai. "Na lura, Inna. Na ce a bari ya ƙara kwari, kada a ji a gari."

"Wa zai ji? Malamar awo ba shela take yi ba. Mu a zamaninmu mun ɓoye, kuma na san waɗanda muka rasa a ɓoyon nan. Gobe da sassafe ni zan raka ta. In an tambaya, mun tafi dubiya ne. Kai dai ka ajiye kuɗin adaidaita."

"To Inna, Allah ya ƙara girma."

A nan fa maganar take. Yarinya mai cikin fari ba za ta buɗe baki ta ce wa mijinta ko surukarta a kai ta awo ba. Kunya ba za ta bar ta ba, kuma kunyar nan tarbiyya ce, ba mu ce a yar da ita ba. Wasu kuma tsoron baki suke yi, ba sa so a san da cikin tun yana ƙarami. To tunda ita ba za ta faɗa ba, nauyin ya koma kan na kusa da ita: uwar miji, uwargida, yayar miji, da shi maigidan. A ganina, yawancin jinkirin awo daga bakin da ya yi shiru yake, ba daga nisan hanya ba. Manomi ba ya jiran hatsi ya fid da kai kafin ya yi noman fari.

Maigida ya ba da izini sau ɗaya wanda zai ɗauke dukan cikin, musamman mai tafiya Kano ko Katsina fatauci, ko mai tafiya cin rani. Kada ranar awo ta zo a ce ana jiran ya kira waya. A Damagaram aka fara makarantar mazaje, inda magidanta ke zama suna tattauna irin waɗannan abubuwa, kuma ta iso jiharmu.

Mutanen karkara nasu ya fi wuya. Wanda ke ƙauyukan Madarunfa ko Gidan Rumji ya san yadda hanya ke zama in gulbi ya kawo. Sai gari ya shirya tun da rani: a san amalanken wa za a ɗauka, a san mai babur ɗin da za a tasa ko da tsakar dare, a rubuta lambar wayarsa a bangon karne. Kuɗin hanya kuma akwai dabararsa a hannunmu. A nan jihar Maraɗi ƙungiyoyin Mata Masu Dubara suka samo asali a 1991, kuma asusun da ke ba mace jarin ƙuli-ƙuli zai iya ware wani abu don mai zuwa awo. In kuwa layi ne ya yi tsawo, ko ba a ji daɗin tarba ba, kowace CSI, wato gidan likitan gwamnati na yanki, tana da kwamitin mutanen gari. A kai kuka can, kada a yi fushi a zauna gida.

Wadda za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta ta tafi da karnenta, ta ci gaba da awo a can.

Akwai alamun da ba a jiran ranar awo in an gan su: zubar jini ko kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, zazzaɓi, fashewar faya kafin lokaci, ko ɗa ya daina motsi. A tafi likita mafi kusa nan take. In abin ya fi ƙarfinsu su za su tura Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ta Maraɗi.

Aiki

Kwafi wannan jimla sau uku a littafinka: Awon farko kafin wata uku.

Lissafi: mu ce zuwa da dawowa dala ɗari ne. Jika nawa ake bukata don zuwa 8? Idan ana ajiye dala ashirin kowane mako, mako nawa za a yi kafin kuɗin su cika?

Mace ta ga al'adarta ta ƙarshe a farkon watan Mauludi. Kafin wane wata ya kamata ta fara awo?

Kafin zama na gaba, kowa ya je gidan likitan da ya fi kusa da shi ya tambayo ranakun awo da ƙarfe nawa ake farawa, ya rubuto da hannunsa. Za mu haɗa su a allo.