Kafin ku kai rigar soja ta gwanjo marina

'Yan uwa masu sayen jaket da wandon soja a gwanjo saboda sanyin hunturu, don Allah kada ku sa su haka. A Najeriya doka ta hana farar hula sa kakin soja, kuma a shingen bincike ba wanda zai saurari cewa a kasuwa ka saya. A rina su.

Fara da duba 'yar takardar da ke wuyan rigar. Auduga zalla tana shan rini sosai. In an gauraya ta da nailan ko foliyesta, audugar ce za ta fi kamawa, sai launin ya fito da haske-haske. Zaren ɗinkin ma sau da yawa foliyesta ne, za ka ga layinsa kore a kan baƙin yadi.

Launi kuwa, baƙi za ka ce wa marini, ko shuɗi mai duhu ƙwarai. Shunin gargajiya irin na marinar Ƙofar Mata da ke Kano yana da kyau, amma dabbare-dabbaren kakin yakan leƙo ta ƙarƙashinsa, musamman a rana. Ko baƙin ma, gara a tsoma sau biyu.

Ɓamɓare tambari, suna da tuta tukuna. Sannan ka wanke ta da ruwan zafi da sabulu, domin wasu an shafa musu maganin hana ruwa shiga, shi ne ke sa rini ya yi tabo-tabo. A tsoma ta da danshinta.

In a gida za ka yi, sa safar hannu ta roba, sodar rini tana cin fata. Shanya a inuwa, wankin farko kuma ita kaɗai.